Ciyar da Baƙi Masu Yawa a Lokacin Bazara

Gabatarwa

Hausawa suna cewa, "Baƙonka annabinka." Ma'anar wannan karin magana ita ce, baƙo mutum ne mai daraja, wanda ya kamata a tarbe shi da fara'a, a ba shi ruwa, sannan a kawo masa abinci. Ciyar da baƙo ɗaya ko biyu ba ya da wuya, domin abin da aka dafa wa iyali zai wadatar da su. Amma idan baƙi sun kai hamsin ko sittin, ga kuma zafin bazara, to aikin yana buƙatar shiri. Abu biyu mai gida yake gudu a irin wannan rana. Na farko, abinci ya gaza ya ji kunya. Na biyu, abinci ya lalace, baƙi su koma gida da ciwon ciki.

Ya kai ɗalibi, ko ke ɗaliba, wata rana wannan aiki zai hau kanka. A wannan darasi za ka koyi yadda ake tsara shi. Ba maganar babban biki muke yi ba, wanda ake ɗauko masu girki na haya. Muna maganar taron gida ne, kamar ranar suna, ko ziyarar Sallah ko ta Ista, ko ranar da dangi suka zo hutu daga birni. Za mu ɗauki misalanmu daga Kafanchan da sauran garuruwan kudancin Jihar Kaduna.

Kafanchan, Garin Baƙi

Kafanchan ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a. A shekarar 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta nan ya haɗu da na Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos. Tun daga lokacin garin ya zama mahaɗar jiragen ƙasa, mutane daga sassa da yawa suka zo aiki da kasuwanci suka zauna. Shi ya sa a yau za ka tarar da Fantswam da Bajju da Atyap da Ham da Agworok da Nikyob da Gwong, tare da Hausawa da Fulani da Igbo da Yarbawa, suna cin kasuwa ɗaya. Hausa ce harshen da ya fi haɗa su.

Yankin yana da bukukuwa da suke jawo baƙi. Ana yin bikin Afan a Kagoro ranar 1 ga Janairu, cikin sanyin hunturu. Bikin Tuk Ham na mutanen Ham kuwa, akan yi shi a Kwoi kusa da lokacin Ista. Ita Ista takan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, wato cikin bazara sosai. Abincin da zai yi sa'o'i bai canza ba a watan Janairu, ba zai jure haka ba a watan Afrilu.

Abin da Zafi Yake Yi wa Abinci

Bazara ita ce lokacin zafi da yake zuwa bayan hunturu, kafin damina ta kankama. A kudancin Kaduna zafi yakan tsananta a watan Maris da farkon Afrilu, inda da rana yakan haura digiri 30 a ma'aunin Salshiyas. Ruwan sama yana riga sauka a nan kafin ya kai Kano ko Katsina, kuma ruwan farko yakan zo da iska mai ƙarfi.

Ƙwayoyin cuta da suke lalata abinci ba a ganinsu da ido. Sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60, wato a cikin abincin da ba shi da sanyi ƙarara, kuma ba shi da zafi sosai. Idan suka sami yadda suke so, wasunsu sukan ninka kansu a cikin minti 20 kacal. Yi lissafi ka gani: ƙwaya ɗaya za ta zama 64 bayan sa'a biyu, ta zama 4,096 bayan sa'a huɗu. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a bar dafaffen abinci a ajiye cikin zafin ɗaki fiye da sa'a biyu.

Wannan shi ne ginshiƙin darasinmu. A bazara, abinci kala biyu da aka auna daidai, aka sauke dab da lokacin ci, ya fi kala shida da aka dafa tun asuba.

Mataki na Farko: Ƙirga Baƙinka, Ka Kuma San Su

Ɗauki takarda ka rubuta sunayen waɗanda ka gayyata. A ƙasarmu ba a cika zuwa taro a kaɗaice ba. Wannan zai zo da abokinsa, waccan za ta zo da 'ya'yanta, maƙwabta kuma za su leƙo. Don haka ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kan adadin da ka samu. Idan ka gayyaci mutum 60, ka ƙara 15, ka yi shirin mutum 75.

Bayan ƙirga, sai sanin su wane ne za su zo. A gari irin Kafanchan, da wuya a yi taro ba tare da Musulmi da Kirista sun zauna a rumfa ɗaya ba. Garin yana da babbar kasuwar aladu da ta yi suna a Nijeriya, kuma wasu gidaje suna cin naman alade, amma Musulmi ba sa cinsa. Mai gida mai lura yakan zaɓi naman da kowa zai ci, kamar na sa ko akuya ko kaza. Gidajen Kirista da yawa sukan kira maƙwabci Musulmi ya yanka dabbar, domin kowa ya ci hankalinsa kwance. Haka kuma mabiya ɗarikar Katolika sukan ƙaurace wa nama a ranakun Juma'a na azumin da yake gabanin Ista, sai a tanadar musu kifi ko wake. Idan taron ya faɗo cikin watan Ramadan, masu azumi ba za su ci ba sai rana ta faɗi.

Ka tuna da tsofaffi, waɗanda suka fi son abinci mai laushi. Ka tuna da yara, waɗanda yaji yake wahalar da su. Akwai masu ciwon sukari, akwai kuma waɗanda jikinsu ba ya karɓar gyaɗa. Tambaya ɗaya kafin ranar taro tana iya hana babbar matsala.

Mataki na Biyu: Zaɓi Abinci Mai Sauƙi

Abincin taron gida yana da siffofi uku: a dafa shi a tukunya ɗaya, kayan haɗinsa su kasance a kasuwa a wannan lokaci, kuma ya yi sauƙin rabawa. Ga wasu misalai.

Faten acca. Acca hatsi ce mai ƙananan ƙwayoyi da ake nomawa a kudancin Kaduna da Filato. Tana nuna da wuri, ba ta cin itace da yawa. Aikinta ɗaya ne, wato a rege ta da kyau don a fitar da yashi. Ana dafa ta da yakuwa da alayyafo da gauta da albasa da attarugu da daddawa, a sa nama ko ƙashi. Idan acca ta yi tsada, tsakin masara zai maye gurbinta. Fate yana da auki, kuma tsofaffi suna sonsa. Sai dai da zafinsa ake shansa, domin idan ya huce yakan yi kauri.

Dafa-duka. Shinkafa ce da ake dafawa tare da mai da kayan miya a tukunya ɗaya. Ba ta buƙatar miya daban, yara da manya kuma suna cinta.

Dambu. Ana turara tsakin masara ko na shinkafa tare da zogale, a zuba mai da yaji. Ba shi da nauyi a ciki, don haka ya dace da rana mai zafi.

'Ya'yan itatuwa. Bazara lokacin mangwaro ce, ga kuma kankana daga gonakin noman rani. Ka wanke su tun da wuri, amma kada ka yanka sai za a ci, domin yankakkiyar kankana tana kiran ƙudaje, tana kuma saurin lalacewa.

Tuwo abinci ne mai daraja, amma tuƙa shi da kwashe shi malmala saba'in da biyar aiki ne babba a gaban murhu cikin zafi. Idan akwai dattawan da ba su yarda sun ci abinci ba sai sun ci tuwo, a yi musu 'yar tukunya guda. Doya kuma takan yi tsada a wannan lokaci, saboda ta bara ta fara ƙarewa, sabuwa ba ta fito ba. Abin da ya fi dacewa ka guje wa shi ne haɗin ɗanyen ganye da ake kwaɓawa da ƙwai ko madara, domin yana cikin abincin da zafi ya fi saurin lalatawa.

Mataki na Uku: Awo da Cefane

Masu iya magana suna cewa, "Daidai ruwa, daidai tsaki." Wato komai a yi shi bisa awo. Kilo ɗaya na ɗanyar shinkafa yakan ciyar da manya kamar takwas. Idan shinkafa kaɗai za ka dafa wa mutum 75, kana buƙatar kusan kilo 10. Idan akwai babbar tukunyar fate a gefe, kilo 7 zai wadatar.

A kasuwanninmu da mudu aka fi awo, kuma mudun wannan kasuwa ba lallai ya yi daidai da na waccan ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tambayi mai girki a gidanku: mudu ɗaya mutum nawa yake isa? Idan ta ce mutum goma, ka raba 75 gida goma, ka sami bakwai da rabi, sai ka cika mudu takwas. Nama kuwa, da yanka ake ƙirga shi. Ka roƙi mahauci ya yanka shi daidai wa daida, ka lissafa yanka biyu ga babba, ɗaya ga yaro.

Ka raba cefane gida biyu. Busassun kaya, kamar shinkafa da acca da mai da gishiri da zoɓo da itace, a saye su kwana biyu ko uku kafin taro. Ɗanyun kaya, kamar nama da ganye da tumatir, a saye su ana gobe taro ko da sassafen ranar. Kafin ka yanke abin da za ka dafa, ka fara zagaya kasuwa ka ji farashi, domin farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ga misali, kudancin Kaduna ne ya fi ko'ina noman citta a Nijeriya, musamman Kachia da Jaba da Kagarko. Amma a shekarar 2023 wata cuta ta lalata gonakin citta masu yawa, farashinta ya tashi har a garuruwan da ake noma ta. Kada ka ci bashi don ka burge baƙi. Taro na yini ɗaya ne, bashi kuwa yakan kai watanni.

Mataki na Huɗu: Abin Sha

A bazara, baƙo ya fi yafe ƙarancin nama a kan ƙarancin ruwa. Ruwan leda guda rabin lita ne, kuma jaka ɗaya tana ɗauke da guda 20. Idan ka ba kowa guda uku, mutum 75 za su sha 225, wato jaka 12 har da ɗan saura. Ka duba lambar hukumar NAFDAC a jikin ledar. Idan ruwan rijiya za a sha, a tafasa shi tun daren jiya, a zuba a randa mai tsabta, a rufe, a ajiye moɗa guda ta ɗiba.

Zoɓo da citta da kanumfari abin sha ne mai arha, kuma tsaminsa yana sa ya ɗan jure zafi. Kunun aya yana da daɗi ƙwarai, amma ba ya da haƙuri. Idan babu sanyi, yakan yi tsami kafin yini ya ƙare, saboda haka a yi shi da safen ranar, a fara ba da shi. Kunun zaƙi ma haka. Ka ware wani kaso da ba a sa masa sukari ba domin masu ciwon sukari.

Kada ka dogara ga firiji kaɗai, domin ana iya ɗauke wuta. Ka sayi ƙanƙara ka jera robobin abin sha a kanta cikin baho, ka rufe da buhu. Kada ka jefa ƙanƙarar cikin abin shan idan ba ka san ruwan da aka yi ta da shi ba. Akwai kuma dabarar tukunya cikin tukunya, wadda wani malami daga Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan yashin yake bushewa, sai ya tafi da zafi, cikin tukunyar ya yi sanyi. Tana da amfani wajen adana tumatir da ganye, musamman idan iska a bushe take, amma sanyinta bai kai a ajiye nama ba.

Mataki na Biyar: Raba Aiki da Lokaci

"Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Ka ba kowa aikinsa da sunansa: masu girki, masu ɗebo ruwa, mai kula da abin sha, masu rabawa, masu wanke-wanke. Aikin da aka ce na kowa ne, yakan kwana ba a yi shi ba. Wannan aiki bai keɓanta ga mata ba. Samari suna iya faskara itace, su kafa rumfa, su jera kujeru, su raba abinci.

A ce baƙi za su ci abinci da ƙarfe 2 na rana. Ga yadda tsarin zai kasance. Ana gobe taro, a wanke tukwane da farantai, a tsince shinkafa, a kafa rumfa a ɗaure ta da kyau saboda iskar ruwan farko. Da ƙarfe 6 na safe a yi yanka, a dafa zoɓo, a niƙa aya. Da ƙarfe 9 a tafasa nama a soya shi. Da ƙarfe 11 a ɗora dafa-duka. Da ƙarfe 12 da rabi a ɗora fate, tun da ba ya daɗewa. Kafin ƙarfe 2 komai ya sauka da zafinsa.

Baƙi ba sa zuwa lokaci guda. Saboda haka kada ka dafa duka shinkafar a tashi ɗaya. Ka dafa kashi biyu cikin uku da farko, ka bar sauran sai ka ga yadda jama'a suke shigowa. Ɗanyar shinkafar da ta rage za ta yi watanni a buhu, dafaffiya kuwa ba za ta kwana lafiya ba. Wajen rabo, a sa mutum biyu ko uku su riƙa zubawa da ludayi ɗaya, a fara da dattawa da waɗanda suka zo daga nesa. A ware na masu girki tun farko, kada su yini a bakin wuta su tashi da yunwa.

Mataki na Shida: Tsabta da Ragowar Abinci

Ka ajiye buta da sabulu a bakin rumfa, a riƙa zuba wa kowa ruwa a hannu. Kada mutane da yawa su tsoma hannu cikin kwano ɗaya na wanke hannu. Wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen nama da su, kada a taɓa kankana da su sai an wanke da sabulu. Nama ya dahu har ciki, kada a ga ja a jikin ƙashi. Kowane abinci a rufe shi saboda ƙuda da ƙura.

Ka kula da shinkafa musamman. Akwai wata ƙwayar cuta da takan maƙale a ɗanyar shinkafa, wadda dafuwa ba ta gamawa da ita gaba ɗaya. Idan shinkafar ta huce ta daɗe a ajiye, sai ƙwayar ta farfaɗo ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kawar da wannan guba. Ƙanshi da ɗanɗano ma ba kullum suke nuna cewa abinci ya lalace ba. Don haka abin da ya rage a raba wa maƙwabta da mabuƙata nan take, tun yana da kyau. Ba alheri ba ne ka ba wani abincin da kai kanka kake shakkar ci.

Idan wani ya kamu da gudawa, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan yaro ne ko tsoho, ko abin ya yi tsanani, a hanzarta kai shi asibiti.

Kammalawa

Ka ga ke nan ciyar da baƙi masu yawa a bazara ya dogara ne ga lissafi da lura fiye da yawan kuɗi. Ka ƙirga baƙinka ka san abin da kowa yake ci, ka zaɓi abinci mai sauƙi, ka auna, ka wadata su da ruwa, ka raba aiki, ka sauke girki kusa da lokacin ci. Amfanin wannan shiri shi ne, idan baƙi suka iso za ka sami sukunin zama ku gaisa, maimakon ka yi ta kai da kawowa tsakanin murhu da kasuwa. Ai shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Ma'anar Wasu Kalmomi

Auki: yadda abinci kaɗan yake kumbura ya ishi mutane da yawa.
Cefane: sayen kayan girki a kasuwa.
Ɗumame: abincin da ya huce ko ya kwana, aka sake ɗora shi a wuta.
Jinka: rufin ɗaki na ciyawa.
Malmala: curin tuwo guda ɗaya.
Regewa: wanke hatsi a ƙwarya don a raba shi da yashi ko tsakuwa.
Tsaki: hatsin da aka ɓarza, bai zama gari ba.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa biyu mai gida yake gudu idan zai ciyar da baƙi masu yawa?
2. Me ya sa abinci ya fi saurin lalacewa a bazara fiye da hunturu?
3. Idan ka gayyaci mutum 40, shirin mutum nawa za ka yi? Jakar ruwan leda nawa za ka saya?
4. Bayyana dalilin da ya sa ba a dafa duka shinkafar taro a tashi ɗaya.
5. Yi amfani da karin maganar "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" a cikin jimla taka.
6. Rubuta sakin layi ɗaya a kan abincin da ake tarbar baƙi da shi a garinku.